Tana da sarkoidosis, yanzu kuma an ce akwai jakar ruwa a ƙwaƙwalwarta: masu sani ku taimaka

Abban Sadiq, Agege: Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku yi haƙuri, rubutun zai ɗan yi tsawo. Maganar maman yarana ce. Shekara biyu ke nan tana fama da busasshen tari da kasala. Wani asibitin kuɗi suka ɗauki hoton ƙirjinta suka ce tarin fuka ne, alhali an gwada majinarta sau biyu ba a ga komai ba. Ta sha magani wata shida cur, har fitsarinta ya koma ja, amma tari yana nan daram. Sai bara da kaluluwa ta fito mata a wuya, aka yanki ɗan kaɗan aka kai ɗakin gwaji, sakamako ya fito da wani suna wai sarkoidosis. Ni dai ranar na fara jin sa. Aka ɗora ta a kan wani magani wai firednisolon, ta samu sauƙi sosai, aka yi ta rage mata har aka tsayar.

Wata biyu da suka wuce ta tashi sallar asuba, sai ga baki ya karkace, idon dama ba ya rufuwa. Kafin wannan ya gama warwarewa ɓarin hagu shi ma ya kama. Ga ciwon kai, ga wata irin ƙishirwa da ban taɓa gani ba: a yini takan shanye ledar ruwan fiya-wata guda goma sha biyar, dare kuwa a hanyar banɗaki take kwana. Jiya muka karɓo hoton ƙwaƙwalwa na em-ar-ai. Wanda ya karanta mini takardar ya ce akwai sist, wato wata jakar ruwa, a gefen hagu, sannan akwai kumburi a ƙasan ƙwaƙwalwa. Ganin likita sai Talata ta sama. Tambayata: wannan ciwon ne ya haifar da jakar? Sai an fasa kai? Wallahi tun jiya ban runtsa ba.

Hajiya Mairo, Obalende: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Allah ya ba ta lafiya, ya sa kaffara ne. Sannu Abban Sadiq.

Ɗan Mile 12: Amin. Allah ya tashi kafaɗarta.

Malam Sani, Alaba Rago: Ƙanena, ni ban yi boko mai zurfi ba amma na ga jiya na ga yau. Mace ta fita tsakar gida da duhun asuba ta dawo baki a karkace, wannan a garinmu ko yaro ya san sunansa. Shafa ce. Ka ɗauke ta ka kai ta gida a yi mata ruƙiya da hayaƙi, kada ka bari su taɓa mata kai. Likitocin da suka ba ta maganin tibi wata shida ba ta da tibi, su ne za ka miƙa wa ƙwaƙwalwarta?

Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya: Malam Sani, addu'a ba a hana kowa, a yi mata a nan inda take. Amma tafiyar kwana ɗaya da rabi a mota da mai ciwon kai irin wannan, ban goyi baya ba. Abban Sadiq, abin gaggawa tukuna: idon nan da ba ya rufuwa. Idan ya bushe baƙin idon yakan yi gyambo. A samo ɗigon hawaye a kemis a riƙa ɗiga mata da rana, da dare kuma a rufe fatar idon a manne da filasta mai laushi. Kuma kada kowa ya hana ta shan ruwa wai don fitsarin ya ragu. Sannan idan ta fara amai, ko barci mai nauyi da ba a saba ba, ko jijjiga irin ta farfaɗiya, ko ganinta ya dusashe, kada ka jira Talata. Sashen gaggawa kai tsaye, ko ƙarfe biyun dare ne.

Abban Sadiq, Agege: Na gode Sista. Idon kam yana ta ja, ban san haka ba ne.

Dakta Bashir: Wa alaikumus salam. Yanzu na fito daga aiki na ga wannan rubutun. Ban ga hoton ba, ban ga mara lafiyar ba, don haka bayani zan yi, hukunci na likitan da zai duba ta ne.

Abban Sadiq, a takardar nan abu biyu aka rubuta, kai kuma hankalinka ya tafi kan wanda mai yiwuwa shi ne ƙarami. Kalmar sist ta fi tsoratarwa, amma ni layin da ya ce kumburi a ƙasan ƙwaƙwalwa shi ya tsayar da ni.

Sarkoidosis ba ƙwayar cuta ba ce, ba a ɗaukar ta, kuma ba daji ba ce. Sojojin garkuwar jiki ne suke taruwa su dunƙule su zama ƙananan ƙulle-ƙulle a cikin sassan jiki, har yau ba a gano abin da yake tunzura su ba. Wani likitan fata ɗan ƙasar Norwe, Caesar Boeck, shi ya raɗa mata sunan a 1899, don ya ga ƙullutun sun yi kama da wani ciwon daji na tsoka da ake kira sarkoma. A wajen kusan mutum tara cikin goma huhu da kaluluwar ƙirji take kamawa, shi ya sa a ƙasar nan ake yawan rikita ta da tarin fuka. Amma tana zuwa ido, fata, zuciya, hanta. A wajen mutum biyar zuwa goma cikin ɗari kuma takan taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi.

Idan ta shiga kai, wurin da ta fi so shi ne mayafin da ya lulluɓe ƙwaƙwalwa, musamman ta ƙasa, inda jijiyoyin fuska da na ido da na ji suke fitowa. Jijiyar da take motsa fuska tana cikin waɗanda ta fi kamawa. Karkacewar baki ta ɓari ɗaya abu ne da muke gani kullum, yawanci ma yana warkewa da kansa cikin makonni ko 'yan watanni. Amma ɓari biyu, ɗaya bayan ɗaya, a jikin wadda aka riga aka tabbatar tana da sarkoidosis, wannan kam kowane likitan jijiya zai ɗaga gira.

Ita kuwa jakar ruwa, ba al'adar wannan ciwon ba ce ya yi ta. Ƙulli yake yi, ba jaka ba. Akwai wata jakar ruwa da ake haihuwar mutum da ita a cikin mayafin ƙwaƙwalwa, ruwan ƙwaƙwalwar ne kawai a ciki, kuma idan ka ɗauki hoton mutum ɗari masu lafiya za ka same ta a kan ɗaya ko biyu. Mutum ya tsufa ya mutu bai san da ita ba. Mafi yawansu ba a taɓa su. Inda ciwon yake iya kawo abu mai kama da jaka shi ne idan kumburin ya toshe magudanar ruwan ƙwaƙwalwa, ruwa ya taru a wani ɗaki ya kumbura shi. Wannan daban ne, shi ne wani lokaci ake sa siririn bututu a ƙarƙashin fata ya riƙa zubar da ruwan zuwa ciki. Hoton zai bambance su. Ka duba mini takardar: an yi mata allurar ruwan da ke haska hoto kafin a ɗauka?

Abban Sadiq, Agege: An yi, Dakta. Sai da suka gwada ƙodarta ma tukuna, suka ƙara kuɗi a kai. Takardar ta ce arakanoid ko me, ban iya karantawa ba.

Dakta Bashir: To, wannan ita ce ta haihuwar da na faɗa. Ka je da faifan hoton kansa ranar Talata, ba takardar kaɗai ba, likita zai so ya gani da idonsa.

Injiniya Kabiru, Ikotun: Dakta, ni fa ina da ja. Muna Najeriya, ƙasar da ta fi kowace a Afirka yawan masu tarin fuka. Ƙanin matata tibin ƙwaƙwalwa ne ya kama shi, kuma kalmar da aka rubuta masa ke nan, kumburi a ƙasan ƙwaƙwalwa. Shekara guda ya yi yana shan magani. Me ya sa za mu tsallake abin da yake ƙofar gida mu tafi neman ciwon Turawa?

Anti Bilki, Amurka: Injiniya, gyara kaɗan, ba ciwon Turawa ba ne. A nan Amurka baƙar fata ya fi kamawa, musamman mu mata, kuma ya fi yi mana tsanani. Ni shekara bakwai ke nan ina tare da shi. A gida ba a gano shi ne kawai, duk mai tari sai a ce tibi.

Dakta Bashir: Injiniya, jan naka yana kan hanya, ban ce a tsallake ba. Tibin ƙwaƙwalwa da wannan ciwon wuri ɗaya suke zama, a hoto ma sukan yi kama kamar an tsaga kara. Kuma wadda ta sha firednisolon na watanni garkuwarta ta yi ƙasa, tibi zai iya samun ƙofa. Samun sarkoidosis bai hana mutum kamuwa da tibi ba. Shi ya sa nake kyautata zaton za su nemi ɗibar ruwan bayanta. Inda na saɓa da kai shi ne a ce tunda tibi ya fi yawa a ba ta maganinsa a gani. An riga an yi mata wannan gwajin da jikinta wata shida. Kuma rifamfisin, wanda ya mayar da fitsarinta ja, yana sa hanta ta narkar da firednisolon da wuri, ƙarfinsa ya ragu. Ba abu ne da za a haɗa da ka ba.

Malam Sani, Alaba Rago: Ɗibar ruwan baya? Wannan allurar da take gurgunta mutane? A'a wallahi. Abban Sadiq kada ka sa hannu.

Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya: Haba Malam. Na riƙe marasa lafiya ana yi musu ita ba adadi. A ƙasan baya ake sokawa, can inda lakar ta riga ta ƙare. Irin wurin da ake yi wa mata allurar kashe zafi in za a ciro jariri, kuma kana ganinsu suna tashi da ƙafafunsu. Abin da ya fi faruwa shi ne ciwon kai na kwana biyu ko uku. Su waɗanda ake cewa allurar ta gurgunta su, yawanci sanƙarau ko tibin ne ya riga ya yi ɓarnarsa kafin a kawo su, sai allura ta sha zagi. Kuma ba a yin ta sai likita ya duba hoto ya tabbatar ba matsi a cikin kai.

Auwal, ɗakin gwaji: In ƙara a kan na Sista. Ruwan in an kawo mana, ana ƙirga ƙwayoyin da ke ciki, a auna suga da furotin, a sa a na'urar GeneXpert don neman tibi, wannan kamar awa biyu ne. Amma ku sani, in ta ce ba ta gani ba, ba shi ke nan an wanke tibi ba, domin a ruwan baya ƙwayoyin ba su da yawa. Ana kuma duba wata ƙwayar cuta dangin naman gwari da ke kama ƙwaƙwalwa, da ƙanjamau da tunjere a jini. Kada ran kowa ya ɓaci in an nemi waɗannan, ƙa'ida ce. Sannan akwai wani gwajin jini da ake yawan tura masu sarkoidosis su yi, na wani sinadari da ƙullutun ke fitarwa. Yana da tsada, kuma yakan fito daidai a jikin mai ciwon, ya fito sama a jikin wanda ba shi da shi. In likita bai nema ba kada ka kai kanka. Babbar hujjarku tana hannu: naman wuyan nan da aka yanka. Ƙullin tibi cikinsa yakan ruɓe ya yi kamar cuku, na sarkoidosis ba ya yi. Ka adana takardar nan kamar takardar fili.

Nura Kemis, Ijora: Tunda firednisolon ne ya yi mata aiki da farko, ka saya ka fara ba ta kafin Talata mana. Ba shi da tsada, ko'ina akwai.

Dakta Bashir: Nura, don Allah a'a. In tibi ne ko naman gwari, ka ba ta shi shi kaɗai, ka zuba wa wuta fetur. In kuma ba su ba ne, zai ɓata sakamakon gwajin da za a yi. Kwana biyar ne. In ta kasa jira, asibiti za a kai ta, ba kemis ba.

Sista Rabi, ma'aikaciyar jinya: Ku ne fa kuke sayar wa 'yan mata danginsa a matsayin sha ka fashe, su zo mana da fuska kamar faranti da suga ya hau.

Nura Kemis, Ijora: Sista ni ban taɓa ba, kada ki haɗa ni da 'yan tebur. Shawara na bayar, an ce ba haka ba, na karɓa.

Ummu Hanifa, Idi-Araba: Ni tambayata daban. Na taɓa jin cewa tsutsar alade tana shiga ƙwaƙwalwa ta yi irin wannan jakar. Ba za a duba wannan ba?

Malam Sani, Alaba Rago: Subhanallah! Matar Musulmi ake magana, kina kawo zancen alade? Admin a goge wannan.

Ummu Hanifa, Idi-Araba: Malam ban ce ta ci ba, tambaya na yi.

Dakta Bashir: Kada a goge, tambayar tana da kyau, kuma ba zagi a cikinta. Cin naman alade da bai dahu ba yana sa wa mutum tsila a hanji. Amma jakar da take zuwa ƙwaƙwalwa ba ta naman ake samunta ba, ta ƙwan tsilar ne, wanda ke fita a bahayan mai ɗauke da ita. Ya shiga banɗaki bai wanke hannu da sabulu ba, ya yanka maka kankana ko ya haɗa maka salak, ka haɗiye. A 1992 an ba da rahoton wannan ciwo a gidajen Yahudawa masu tsananin riƙo da addini a birnin Niyok, mutanen da ko kusa da alade ba sa zuwa. Da aka bi diddigi, ta hannun masu aikin gida ya shigo. Mu da muke Legas muna cin abincin hannun kowa, ba mu fi ƙarfinsa ba. Yana cikin manyan abubuwan da ke kawo farfaɗiya ga babba a ƙasashe irin namu. Sai dai a hoto kamanninsa daban ne, ƙananan jakunkuna ne, sau da yawa da ɗan ɗigo a ciki wanda shi ne kan tsutsar. Abin da takardar Abban Sadiq ta faɗa ba shi ba ne.

Malam Sani, Alaba Rago: To. Allah ya kyauta. Ummu Hanifa ki yafe ni.

Ɗan Mile 12: Daga yau na daina sayen yankakkiyar abarba a goslo.

Admin: A dawo kan magana don Allah.

Abban Sadiq, Agege: Dakta, ƙishirwar fa? Surukata ta dage ciwon suga ne.

Dakta Bashir: Gwaggo ba ta yi nisa da gaskiya ba, shi za a fara gwadawa, tunda firednisolon yana tayar da suga. Amma akwai wasu biyu. Sarkoidosis yana iya ɗaga sinadarin kalsiyam a jini, shi ma yana sa ƙishirwa da yawan fitsari, kuma saboda haka kada a ba ta ƙwayoyin ƙarin kalsiyam ko bitamin D sai an auna. Na ukun shi ne wanda nake zargi: a ƙasan ƙwaƙwalwa akwai wata 'yar halitta kamar ƙwayar wake, ita take sakin sinadarin da ke umartar ƙoda ta riƙe ruwa. In kumburi ya taɓa wurin, ƙoda sai ta saki ruwa kamar famfon da ya lalace, fitsari fari tas, babu suga a ciki. Yana da magani, desmofuresin, na shaƙa ko na haɗiya. Kafin Talata ku auna mini abu ɗaya: ku samu jarka, ku tara fitsarinta na awa 24, ku rubuta lita nawa, ku rubuta ledar ruwa nawa ta sha. Likita zai ji daɗin wannan fiye da dogon labari. Ka kuma gaya masa in al'adarta ta rikice, wurin ɗaya ne ke kula da ita.

Anti Bilki, Amurka: Abban Sadiq, bari in yi maka maganar wadda ta sha. Ni ido ya fara kama mini, sannan tafin ƙafa ya riƙa zafi kamar na taka garwashi, ashe ƙananan jijiyoyi ne. In an tabbatar ya shiga kai, wannan karon maganin ba na wata uku ba ne, ku shirya wa shekara ko fiye. Za ta yi ƙiba, fuska ta cika, barci ya gudu, wata rana ta yi maka faɗa a kan cokali. Maganin ne, ba ita ba ce. Kada 'yan uwa su ga ta murmure su ce ta warke ta ajiye. Ajiye shi rana ɗaya bayan an daɗe ana sha yana iya kwantar da mutum, sai a hankali ake saukowa. Ni daga baya aka ƙara mini metotirezet don a rage firednisolon. Shi metotirezet ɗin sau ɗaya ake sha a SATI, ba kullum ba, na rubuta da manyan baƙi don mutane sun mutu a kan wannan kuskuren. Kuma ba a ɗaukar ciki a kansa, ku yi wannan maganar da likita tun farko ba kunya, akwai wani da ake musanyawa da shi. Sannan ka roƙa a duba mata ido da bugun zuciya, ko ba ta kuka da su.

Injiniya Kabiru, Ikotun: Anti, na ji ana wani na ƙarin ruwa da ya fi ƙarfi.

Anti Bilki, Amurka: Infilizimab. Yana aiki sosai ga wanda ya shiga ƙwaƙwalwa, amma tsada, kuma yana tayar da tibin da ya kwanta a jiki. Nan ma sai sun gwada tibi da ciwon hanta kafin su ɗaura maka. Ka ga maganarka ta dawo, Injiniya.

Injiniya Kabiru, Ikotun: Ai na faɗa. Ni dai har yanzu kuɗina yana kan tibi, sai sakamako ya ƙaryata ni.

Ummu Hanifa, Idi-Araba: In ba likitan jijiya ne zai gan ta ranar Talata ba, ka nemi takardar turawa. Akwai su a asibitin koyarwa na nan Idi-Araba, akwai a na Ikeja, wanda ya fi kusa da ku. Ku fito da asuba, kun san Oshodi.

Abban Sadiq, Agege: Salam 'yan uwa, ga inda aka kwana. Ba mu kai Talata ba, daren Lahadi ta fara amai, na tuna maganar Sista muka fita. An kwantar da ita. Likita ya duba faifan ya ce jakar ba ruwanta, ba za a taɓa ta ba, kuma magudanar ruwan ba ta toshe ba. Suga lafiya. Jarkar da muka tara lita bakwai da rabi, da na nuna masa sai da ya tambaye ni wa ya koya mana. An ɗebi ruwan baya jiya, tana tafiya da ƙafarta, Malam Sani. Gwajin farko bai ga tibi ba, amma sun ce akwai saura, kuma likitan ƙirji zai zo gobe su yanke shawara tare kafin a fara babban maganin. An fara ba ta na fitsarin, jiya sau biyu kawai ta tashi. Bakin dai yana nan yadda yake.

Malam Sani, Alaba Rago: Alhamdulillahi. Mun sa ta a addu'a bayan Magariba a masallacinmu, kuma za mu ci gaba. Bakin ma zai dawo da yardar Allah.

Injiniya Kabiru, Ikotun: Gwajin farko ne fa. Auwal ya ce ba ya wankewa.

Auwal, ɗakin gwaji: Na faɗa, Injiniya, amma ka bar mutum ya ɗan numfasa.

Dakta Bashir: Madalla. Yanzu da aka fara maganin fitsarin, ta daina shan ruwa kamar da, ta sha in ta ji ƙishi kawai, in ba haka ba gishirin jininta zai faɗi. Za su riƙa aunawa. Fuska kuma takan ɗauki makonni, a ci gaba da kula da idon.

Hajiya Mairo, Obalende: Abban Sadiq, yaran suna wajen wa? Turo mini sunan ɗakin da lambar gado ta akwatin sirri, gobe bayan Azahar zan shigo da kunun gyaɗa. Sista, ba zan sa suga ba, na ji.